Yadda mafarautan tsaunukan Amurka ke zaɓen jakar goyo da hanyar ɗaukar bindiga

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, dubban mafarauta a yammacin Amurka kan ajiye motocinsu a inda hanya ta ƙare, su goya jakunkuna, su nausa cikin tsaunukan Roki da ƙafa. Wasu kwana uku za su yi a can, wasu goma. Masu kwari da baka ne ke fara shiga, masu bindiga kuma su biyo baya a watannin Oktoba da Nuwamba, lokacin da sanyi ya kankama.

Abin da ke kai yawancinsu shi ne elk, wata babbar dabba dangin barewa mai ƙahoni masu rassa kamar busasshiyar bishiya. Namijinta ya fi gwanki girma, domin ƙosasshe kan kai kilo 320. Jihar Kolorado ce ta fi kowace jiha yawansu, akwai su kuma da yawa a Montana da Aidaho da Wayomin.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka bindiga ce kan gaba a shirin wannan tafiya. Amma a wurin tsofaffin hannu, jakar goyo ba ta gaza bindiga muhimmanci ba. Harbi abin daƙiƙa guda ne. Fitar da naman daga inda dabbar ta faɗi zuwa bakin mota kuwa na iya cin kwana biyu cur, kuma a gadon bayan mutum za a yi shi.

Dokoki biyu da suka matse mafarauci

A shekarar 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan wata doka da ta keɓe wasu dazuzzukan gwamnatin tarayya, ta ce a bar su yadda Allah ya halicce su. A cikin irin waɗannan wurare babu shiga da mota, babu babur, babu keke, kai ko baro mai taya ɗaya ba a yarda a tura ba. Yanzu faɗinsu ya haura eka miliyan 110 a faɗin ƙasar. Dajin Frank Church da ke Aidaho shi kaɗai ya fi eka miliyan biyu. Farauta halal ce a yawancinsu ga mai lasisi, sai dai da ƙafa ko a kan doki.

Doka ta biyu ita ce ta hana almubazzaranci da nama. Jihohin sun haramta wa mafarauci ya kashe dabba ya yanke ƙaho ya bar naman ya ruɓe. A Kolorado dole ne ya fito da cinyoyi biyu da kafaɗu biyu da tsokar gadon baya da ta cikin ƙugu. A Alaska abin ya fi tsanani: wanda kotu ta samu da laifin barin ko da cinyoyin dabba a daji, mafi ƙarancin hukuncinsa shi ne kwana bakwai a gidan yari da tarar dala 2,500.

Wato doka ɗaya ta hana ka shiga da abin hawa, ɗaya kuma ta hana ka barin naman. Mai hali kan yi hayar masu dawakai da alfadarai su kwaso masa. Sauran kuwa sai jaka.

Ga kuma yanayin wurin. A Kolorado ana farautar elk ne a tuddan da tsayinsu ke tsakanin mita 2,500 da 3,500. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. A irin wannan tsayi iska ba ta isar huhu yadda aka saba, mutum na haki ko da ba ya ɗauke da komai.

Bari mu yi lissafi

A ce mafarauci ya harbi namijin elk a nisan kilomita shida daga motarsa, wanda ba wani nisa ba ne a wannan harka. Bayan ya feɗe ya zare ƙasusuwa, zai samu tsagwaron nama da ya kai kilo 100, ko ƙasa da haka kaɗan, ko sama. Ga kai da ƙahoni. Ga tantinsa da jakar barci da risho da sauran tarkacen da ya shigo da su, waɗanda su ma sun kusa kilo 20.

Idan shi kaɗai ne, kuma yana iya goya kilo 35 zuwa 40 a sawu guda, sawu huɗu ke gabansa. Na farko kilomita shida ne, sauran ukun kuma zuwa da dawowa ne, kilomita 12 kowanne. Jimilla kilomita 42, kusan tafiyar Kano zuwa Wudil, kuma 24 daga ciki da kayan da suka kusa nauyin buhun siminti a baya, ana hawa ana gangara, ana tsallake faɗaɗɗun itatuwa.

Lokaci kuma ba ya jira. Idan rana ta buɗe, musamman a farkon kaka, naman da bai huce ba kan fara lalacewa daga jikin ƙashi, ƙudaje kuma na nan. Duk awar da ciwon kafaɗa ya sa mutum ya zauna hutu, daga cikin lokacin naman ake cire ta.

Shi ya sa masu harkar ke auna jaka da ranar dawowa. Kusan kowace jakar matafiya za ta iya ɗaukar kilo 18 na kayan kwana ta shigar da kai daji lafiya lau. Tambayar ita ce yadda za ta kasance idan aka ninka wannan nauyi sau biyu da wani abu.

Firam da ɗamara

Mai karatu na iya cewa, to me ya hana su ɗauka a ka? Mu da muka saba ganin an naɗa gammo an ɗora buhun masara an yi tafiyar kasuwa, tambayar ba ta banza ba ce. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 1986 ma ya gano cewa matan ƙabilun Luo da Kikuyu na Kenya kan ɗauki kayan da suka kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu a ka ba tare da sun ƙona ƙarin ƙarfi ba. Sai dai dakon ka na son shimfiɗaɗɗiyar hanya da miƙaƙƙen wuya. A gangaren dutse mai santsi, inda dole ka sunkuya ka ga inda za ka taka, rassa kuma na dukan kanka, ba zai yiwu ba.

Sirrin jakar farauta yana cikin abin da ba a gani daga nesa, wato firam. Wasu sanduna ne masu ƙwari, na alminiyam ko na zaren kabon, da ke miƙe a bayan mai goyo tun daga ƙugu har sama da kafaɗa. Nauyin kaya kan sauka a kan firam, firam ya miƙa shi ga wata faffaɗar ɗamara mai soso, ɗamarar kuma ta zauna a kan ƙasusuwan ƙugu. Daga nan ƙafafu ne ke ɗauka. Idan komai ya zauna daidai, kaso mafi tsoka na nauyin yana ƙugu ne, aikin maratayan kafaɗa kawai su hana jakar rinjaya baya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarun 1920 wani mutum mai suna Lloyd Nelson ya fara sayar da allon goyo na katako da tamfol, bayan ya sha wuya da wata jakar aro a Alaska. A 1952 Dick Kelty ya fito da firam na alminiyam a Kalifoniya, a 1967 kuma Greg Lowe ya cusa firam ɗin a cikin jaka don ta manne da jiki. Jakunkunan farauta na yau sun ɗauko daga ɓangarorin biyu ne: firam mai zaman kansa da ake iya raba shi da jaka, amma siriri mai bin jiki.

Akwai wasu ƙananan igiyoyi biyu da baƙo ba zai kula da su ba, alhali su ne ke raba jakar gaske da ta ado. Suna tashi ne daga saman maratayan kafaɗa su hau zuwa ƙolin firam. Idan ka ja su, sai su ɗage maratayan daga kan kafaɗarka, nauyin ya koma ƙugu. Amma ba za su yi wannan aiki ba sai firam ya fi kafaɗarka tsayi, ta yadda igiyoyin za su karkata sama sosai. Idan firam gajere ne, igiyoyin a kwance suke, ko ka ja ba abin da za su ɗaga. Wannan ita ce matsalar tsohuwar jakar sojan Amurka da ake kira ALICE, wadda aka fara raba wa dakaru a shekarun 1970. Tana da araha, ba ta jin duka, amma gajeren firam ɗinta kan bar wa kafaɗa aikin.

Don haka masu ɗaukar nama ke neman firam mai tsawon inci 24 zuwa 26, wato santimita 61 zuwa 66. Shi ma dogon yana da nasa aibin. Yana sarƙewa da rassa idan ka sunkuya, kuma idan ka kwanta rub da ciki za ka yi harbi da jakar a bayanka, ƙolinsa kan tokare ƙeya ya hana ka ɗaga kai ka duba madubin saiti.

Sai batun awo. Ba tsayin mutum ake dubawa ba, tsawon gadon bayansa ake aunawa, daga ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya idan ka sunkuyar da kai, zuwa daidai saman ƙasusuwan ƙugu. Mutum biyu masu tsayi ɗaya na iya bambanta sosai a wannan awo. Ɗamara ma haka. Siririn mutum marar ƙugu kan yi fama da zamewarta ƙasa, ya yi ta tamkewa har ta goge masa fata. Jakar da abokinka ke yabo kamar me, kai tana iya zame maka azaba, kuma ba laifin kamfanin ba ne.

A ina naman zai zauna?

Amurkawa da kubik inci suke auna cikin jaka, kuma 1,000 daidai yake da lita 16 da ɗoriya. Mai fita da asuba ya dawo sansani da dare, lita 30 zuwa 40 ta ishe shi. Mai kwana uku zuwa biyar kan nemi lita 60 zuwa 80. Mai mako guda ko fiye kuwa sai lita 100 zuwa sama, saboda abinci kaɗai kan ci wuri. Da yake babbar jaka ana iya tsuke ta da igiyoyi ta dawo ƙarama, amma ƙarama ba ta zama babba, mai shakka gara ya ɗauki babbar.

Abin da ya fi girman jaka muhimmanci shi ne gurbin nama. A jakunkunan kamfanoni irin su Stone Glacier da Mystery Ranch na garin Bozeman a Montana, da Exo Mtn Gear na Aidaho, da Kifaru da KUIU, ana iya kwance jakar a ja ta baya, a buɗe wani fili tsakaninta da firam. Nan ake cusa naman bayan an zuba shi a buhunan yadi masu shan iska, sannan a mayar da jakar a tamke. Amfani biyu ne. Jini ba ya taɓa jakar barci da tufafi, sannan abu mafi nauyi yana manne da ƙashin baya, inda ya kamata ya kasance. Duk tazarar da nauyi ya yi daga bayanka, sai ka ƙara sunkuyawa gaba don ka rinjaye shi, kuma ƙugu ne zai biya bashin.

Naman da aka zare wa ƙashi ba shi da siffa. Yana sulalewa ƙasa ya taru kamar ƙullin da aka zuba a leda, ya zame maka dunƙule a gindin baya. Don haka ake son dogayen buhuna matsattsu, da jakar da ke da isassun igiyoyin ɗauri a kwance, da za su riƙe shi a tsakiyar baya zuwa tsakanin kafaɗu. Cinya mai ƙashi ta fi zama daram, amma ka ɗauki nauyin da ba za ka ci ba. A wasu yankunan Alaska ma doka ce ta hana zare ƙashin kafin a fito daga daji a farkon kaka, don naman ya fi daɗewa bai lalace ba. Can kuma dabbar da ake kira mus ce, wadda ta fi duk danginta girma a duniya, cinyarta ɗaya kan haura kilo 50. Ba mamaki masu yi wa mafarauta jagora a can har yau suna riƙe da manyan firam na ƙarfe irin na da.

Wasu kan ce su bar babban firam a mota, su yi yawo da 'yar ƙaramar jaka, idan sun yi sa'a su koma su ɗauko. A lissafinmu na sama, wannan na nufin fitowar farko kusan hannu rabbana, wato ƙarin kilomita 12 a kan 42. Ga wanda ke farauta kusa da hanya, dabara ce mai kyau. Ga mai nisa kuwa tsimin da ba ya biya ne.

To bindigar fa?

Bindigar farauta da madubinta da harsasanta kan kai kilo uku zuwa huɗu da rabi, tsawonta kuma ya haura mita guda. Ba nauyin ne matsalar ba, rashin wurin zama ne. Mai hawan dutse da kaya yana son hannuwansa biyu su kasance a kan sandunan dogarawa. Mafarauci kuma yana son bindiga a hannu, domin elk a cikin duhuwar itatuwa na iya bayyana ya ɓace kafin ka ƙifta ido sau uku. Duk hanyoyin ɗaukar bindiga da ake sayarwa ƙoƙari ne na sasanta waɗannan buƙatu biyu, kuma babu wadda ta biya su duka.

Maratayin kafaɗa, wanda kowa ya sani, shi ne ya fi ba da haushi idan an haɗa shi da jakar goyo. Maratayin jakar ya riga ya mamaye kafaɗa, don haka na bindigar a kansa yake hawa ya yi ta zamewa. Sai ka ga mutum ya ɗage kafaɗa ɗaya yana tafiya a karkace, hannu ɗaya kuma ya zama mai gadin maratayi. Tafiyar awa guda ba komai. Ta yini guda kan bar ciwon wuya.

Ɗaure ta a jikin jaka shi ne ya fi sauƙi a doguwar tafiya. Gindin bindigar ya shiga aljihun gefe, igiyoyi su kama sauran. Sai dai ta rinjayar da jakar gefe guda, dole ka sa ruwa ko wani abu mai nauyi a ɗaya gefen. Idan kuma a tsakiyar bayan jakar aka ɗaure ta, nauyin ya daidaita amma ya yi nisa da jiki, kuma ranar da santsi ya kwashe ka ka faɗi ta baya, madubin saiti ne zai fara gaisawa da dutse. Ko ta wace hanya, bakin bindigar ya zarce kanka yana kamo rassa, kuma kafin ka yi harbi sai ka sauke jaka ka kwance igiyoyi. Wasu kamfanonin sun ƙirƙiro maɗauri mai igiya ɗaya da ake fizgewa bindigar ta sako ba tare da an sauke jakar ba, abin da ya rage matsalar sosai.

Kamfanin Eberlestock na garin Boise ya bi wata hanya dabam. Wanda ya kafa shi, Glen Eberle, ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta hunturu ta 1984 a Sarayebo, a wasan da ake gudu a kan ƙanƙara da bindiga a goye ana tsayawa ana harbi. Shi ya ɗinka kube a cikin jakar kanta, tsakanin baya da kaya, ta yadda za ka miƙa hannu ta saman kafaɗa ka zaro bindiga kamar takobi. Kuben na kare ta daga ƙura da dusar ƙanƙara da ƙarzuwa. Amma yana ƙara nauyi, yana tura sauran kaya nesa da baya, kuma ƙasansa kan zarce gindin jakar ya riƙa tokarar ƙasa idan za ka zauna ko kana gangara wuri mai tsayi. A ganina ya fi dacewa da fili mai buɗaɗɗen sarari da gajerun tafiye-tafiye, ba dakon kilo 40 ba.

Sai na kamfanin Kifaru, wanda sunansa ke nufin karkanda da Suwahili. Nasu, da suke kira Gun Bearer, 'yar ƙaramar aljihu ce da ke rataye a ɗamarar ƙugu. Gindin bindiga ya zauna a ciki, jikinta ya bi ta ƙarƙashin hammata, bututun kuma a kama shi da wata 'yar igiya a maratayin kafaɗa. Nauyin ya tafi ƙugu, hannuwa biyu a sake, kuma da ka fizge igiyar bindiga ta faɗo hannunka. Masu kushe shi na cewa bututun yana kusa da fuska, yana shiga gefen ido, kuma yana gogayya da jakar madubin hangen nesa da yawancin mafarauta ke ɗaurawa a ƙirji. Gaskiyarsu ce. Duk da haka, cikin duk hanyoyin, ita ce ta fi kusa da sasanta buƙatun biyu.

Abin da ƙwararru ke yi a zahiri shi ne haɗawa. A jihohi irin su Kolorado da Montana, ba a yarda a harbi babbar dabba ba sai daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 30 bayan faɗuwarta. Don haka a tafiyar duhun asuba, bindiga na iya zama a ɗaure a jaka. Da gari ya waye aka shiga inda ake ganin sawu da kashin dabba, sai ta dawo gaba ko hannu.

Akwai tambayar da masu saye kan manta su yi a kanti: idan an loda nama, ina bindigar za ta koma? Jakar ta ja baya, igiyoyin gefe duk sun tafi wajen ɗaure nama. Maɗaurin da ke jikin jaka ya bi ta ya yi nisa, wanda ke jikin ɗamara ko firam kuwa yana nan inda yake. Wannan kaɗai ya isa ya sa a zaɓi jaka da maɗaurin bindiga a lokaci guda, a gwada su tare.

Ko ta wace hanya aka ɗauke ta, ka'ida ɗaya ba ta canzawa: bindigar da ke jikin jaka ba a barin harsashi a bakinta. Reshe na iya ture makullin kunama ba ka sani ba, kuma bakin bindigar da ke bayanka ba ka ganin inda ya nufa, abokin tafiyarka ne ke ganinsa. Da yawa kuma kan liƙe bakin da ɗan tef irin na masu gyaran wuta, don kada laka ko ƙanƙara ta toshe bututun. Iskar da ke gaban harsashi kan yage tef ɗin kafin harsashin ya iso.

Inda beyar ke yawo

Duk wannan lissafi kan sauya a dazuzzukan da ke da beyar nau'in girizili, wato Alaska da sassan Montana da Wayomin da Aidaho. Dabba ce mai kaifin hanci, gudunta ya fi na kowane ɗan Adam, kuma warin jini kiranta yake yi. Mafaraucin da ke komawa ɗauko sawu na biyu ko na uku yana tunkarar wurin da wataƙila beyar ta riga ta mallake.

A watan Satumban 2018, a dajin Teton na Wayomin, beyar ta kashe wani mai yi wa mafarauta jagora yayin da shi da baƙonsa ke feɗe elk. Yana da ƙaramar bindiga, amma ya cire ta ya ajiye tare da kayansu 'yan taku kaɗan daga inda suke aiki. Lamarin ya zama abin da ake yawan tunawa idan ana maganar inda ya kamata makami ya zauna. Shi ya sa a irin waɗannan wurare ake sa gwangwanin feshin barkono, wanda hukumomin gandun daji ke ba da shawarar riƙewa, a ƙirji ko a bel ɗin wando. Idan a ɗamarar jaka yake, to duk lokacin da ka sauke jakar ka rabu da shi, kuma lokacin fiɗa jakar a ƙasa take.

Kuɗi da gwaji

Cikakkiyar jaka da firam daga manyan kamfanonin nan kan kama daga kusan dala 600 zuwa 900, nauyinta kuma ba komai a ciki kilo biyu zuwa uku ne. Kasuwa ce mai tsoka, har kamfanin YETI ya saye Mystery Ranch a 2024. Tallace-tallacen kan fi mayar da hankali ga rashin nauyi, kowa na alfaharin ya rage 'yan giram. Ni dai ban ga hikimar biyan ƙarin kuɗi don rage rabin kilo daga jakar da za a ɗora wa kilo 40 ba, idan ragin daga kaurin ɗamara ko ƙwarin firam aka yi shi. Wanda kuɗinsa bai kai ba, tsohuwar jaka ta hannu daga kamfani mai kyau ta fi sabuwa dal marar ƙashi.

Gwajin kuwa ba ya son kuɗi. A zuba yashi ko gishiri kilo 30 a buhu, a ɗaure shi a gurbin nama, a rataya bindiga ba harsashi, a sa rigunan sanyin da za a sa a daji, a nemi tudu a hau a sauka na awa biyu. A nan ne za a san ko ɗamara na zamewa, ko yatsu na mutuwa saboda an danne jijiyar kafaɗa, ko firam na ƙara ƙiƙi-ƙiƙi a kowane taku, ko zif da yadin jakar na kururuwa idan reshe ya goge su. Elk na da kunne. Da jaka babu kaya a cikin kanti, kowace iri daɗi gare ta.

Sawun ƙarshe

A Alaska doka ta hana a fito da ƙahoni kafin nama. Ko dai su biyo baya, ko su fito tare da sawun naman ƙarshe. A sauran jihohin ma haka mafarautan kirki ke yi, domin ƙaho ba ya ruɓewa.

Wannan sawu yana da nasa haɗarin. Mutum ne ke tafiya cikin itatuwa a lokacin farauta da ƙahonin elk a saman kansa, ga wasu masu bindiga a kewaye. Don haka ake ɗaure kan a kife, tsinin ƙahonin na kallon ƙasa da baya, a lulluɓe shi da ƙyalle mai launin ruwan lemo mai ƙyalli. A Kolorado doka ta wajabta wa mai farauta da bindiga ya sa irin wannan launi, ko ruwan hoda mai ƙyalli, mai faɗin murabba'in inci 500 daga ƙugu zuwa sama, haɗe da hula da ake gani ta kowane ɓangare. A Montana murabba'in inci 400 ne. Babbar jaka kan rufe bayan rigar gaba ɗaya, shi ya sa da yawa ke sayen riga ta biyu su sanya wa jakar.